Neman Kalma: Me Za Mu Kira Kushin Ɗin Kujerun Baranda?

Mai tambaya: Jama'a, ina rubuta tallar kayan ɗaki ne, na tsaya a kan sunan abin nan mai laushi da ake ɗorawa kan kujerar ƙarfe ko ta katako a baranda, wanda ake ɗaukewa in hadari ya haɗo. Na ce kushin, aka ɗauka saitin kujerun falo nake nufi, don a bakin mutanenmu kushin ya zama sunan kujerar gaba ɗaya.

Wata Hajiya: Ɗana, ai tumtum ne.

Mai tambaya: Hajiya, tumtum na fata ne, aikin dukawa, a ƙasa ake ajiye shi a kishingiɗa.

Kafinta: Mu a shago soso muke cewa, amma soso cikin ne kawai, bai haɗa da riga ba. Kuma ko me kuka raɗa masa, ku bambanta na waje da na falo. Soson falo in ruwan Agusta ya jiƙa shi, sai ya kwana biyu bai bushe ba, ya yi funfuna, ya kama wari. Na waje manyan ƙofofi gare shi, ruwa na zuba yake tsiyayewa. Leda kuwa kada a soma. Ranar bazara in ta gasa ta ba mai iya zama, daga baya ta tsattsage. A nemi yadi mai kauri wanda rana ba ta kashe masa launi, a sa zif saboda wanki, don ƙurar hunturu ba ta raga wa kowa. Kauri inci 3 zuwa 4 ya isa, da igiya a kusurwa a ɗaure, kada iska ta yi gaba da shi.

Malamin Hausa: Abu biyu ne, suna ɗaya ba zai riƙe su ba. Na jingina dai matashi ne, kamar yadda muke da matashin kai, sai a ce matashin jingina. Na zama kuwa ba a zama kan matashi a gidan Bahaushe, ko yaro ya hau sai an tsawata masa. Ni katifar kujera nake gani.

Wani: Allah gafarta Malam, in ya rubuta "matasa na sayarwa" ai sai hukuma ta neme shi!

Malamin Hausa: Ya rubuta matasan jingina, ya huta.

Mai tambaya: To na ɗauka: katifar kujera da matashin jingina, in ƙara "na baranda". Oga kafinta, nawa kake ɗinka saiti huɗu?