Ziyarar tsibirin Malta a ƙarshen Oktoba: ko lokacin ya dace?

Maman Ikram

Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun samu hutun kwana 8 a makon ƙarshe na watan Oktoba, kuma muna shawarar zuwa tsibirin Malta da ke Tekun Bahar Rum tare da surukata, wadda shekarunta sun ja har ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari shi ne na ji ana cewa da zarar kaka ta shiga a can, ruwan sama yana tsananta kuma teku yana yin sanyi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa a irin wannan lokaci su faɗa mini gaskiyar lamarin. Sannan maigidana yana so mu raba kwanakin biyu, rabi a Malta rabi a tsibirin Sisili na Italiya, ni kuwa ina ganin gajiyar za ta yi wa tsohuwa yawa.

Baban Khalil

Wa alaikumus salam, Maman Ikram. Sau biyu na je Malta, ɗaya a watan Agusta ɗaya a Oktoba, kuma da za a sake ba ni zaɓi, Oktoba zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. A Agusta rana tana da ƙuna, garin cike yake da baƙi, masauki kuma yana kan tsadarsa. A Oktoba zafin rana yakan tsaya wajen digiri 24 ko 25, dare kuma ya yi sanyin da rigar sama marar nauyi ta wadatar. Game da teku, ki kwantar da hankalinki: ruwa ba ya saurin sakin zafin da ya tara a watannin bazara, saboda haka a Oktoba ɗuminsa yana kusa da digiri 23, ya fi na watan Mayu nesa ba kusa ba, duk da cewa a Mayu ne mutane suke ɗaukin shiga.

Amma wannan ɗumin shi ne kuma tushen matsalar da kika ji. Idan iska mai sanyi ta gangaro daga arewa ta haɗu da tururin da ke tashi daga ruwa mai ɗumi, sai hadari ya haɗu cikin ɗan lokaci, a tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da walƙiya. Malta ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara, don haka tituna ne suke zama magudana, kuma unguwannin da ke kwari irin su Msida da Birkirkara su ne suka fi cika. Yawanci cikin 'yan sa'o'i gari ya washe, sai dai wani lokaci abin yakan wuce haka, kamar guguwar da ta haddasa ambaliya a birnin Catania na Sisili a ƙarshen Oktoban 2021. Shawarata ita ce kada ku ɗaure kowace rana da wani wuri tun daga gida. Ranar da kuka tashi kuka ga teku a kwance, ku tafi ƙananan tsibiran ƙasar, wato Gozo ko Komino, domin ƙananan jiragen da ke zuwa Komino sukan daina tashi idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi. Ranar hadari kuma ku bar ta ga gidajen tarihi na Valletta, babban birnin ƙasar.

Hajiya Uwani

'Yar'uwa, a maganar Sisili ina bayanki. Malta gaba ɗayanta faɗinta murabba'in kilomita 316 ne, Sisili kuwa ita ce tsibiri mafi girma a Bahar Rum, ta haura murabba'in kilomita 25,000, kuma kwana 4 ba za su ishe ku komai ba in ban da zaman mota. Idan maigidan ya matsa, akwai jirgin ruwa mai sauri da ke zuwa garin Pozzallo na Sisili cikin ƙasa da awa biyu. Ya je da safe ya dawo da dare, ke da Mama ku huta.

Saboda Mama, ki sani cewa Valletta a kan tudu aka gina ta, tun 1566 bayan da dakarun Daular Usmaniyya suka yi wa tsibirin ƙawanya a 1565 ba su ci nasara ba, kuma da yawa daga titunanta na gefe matakala ne. Babban titin tsakiya shi ne shimfiɗaɗɗe, sannan akwai na'urar hawa da ke ɗauko mutane daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa lambun Upper Barrakka, inda ake buga igwa da ƙarfe 12 na rana. Inda nake ganin za ta fi jin daɗi shi ne Mdina, tsohon babban birnin, saboda ƙarami ne, ba shi da hawa da gangara sosai, kuma motoci kaɗan ne ake bari su shiga. Sunan kansa daga kalmar madina ya fito, domin Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, kuma yarensu ne ya zama tushen harshen Malta na yau, ko da yake da baƙaƙen boko ake rubuta shi. Na yi dariya ranar da na ji wani mai sayar da kifi a kasuwar Lahadi ta Marsaxlokk yana lissafi yana cewa hamsin da sittin, kamar yadda muke faɗa. Mutanen ƙasar Kiristoci ne mabiya Katolika, amma Alla suke kiran Ubangiji, azuminsu kuma Randan.

Kaka ce lokacin kifin da suke kira lampuki, wanda ake kamawa daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen shekara, to kada ya wuce ku. Dafaffen zomon da suke tinƙaho da shi kuwa, sau da yawa da giya ake haɗa romonsa, sai ki tambaya kafin a kawo. Masallacin Juma'a yana garin Paola.

Malam Habu

Zan ƙara abubuwa biyu a kan na Hajiya. A ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma daga ranar, rana takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na yamma, saboda haka ku riƙa yin sammako. Na biyu, idan kuna son ganin Hypogeum na Ħal Saflieni, wato makabartar ƙarƙashin ƙasa da aka sassaƙa a cikin dutse shekaru fiye da 5,000 da suka wuce, ku sayi tikiti ta intanet tun yanzu, domin mutum 10 kacal ake shigarwa a kowane zagaye don kada numfashin jama'a ya ɓata zanen da ke jikin bangon. Akwai matakala a ciki, ban ga dacewar Mama ta shiga ba. Tsohon wurin bautar nan na Ġgantija da ke Gozo, wanda ya girmi dalar Masar, a fili yake kuma ya fi sauƙi a gare ta. Daga tashar Ċirkewwa da ke arewacin Malta zuwa Gozo minti 25 ne a babban jirgin fito.

Maman Ikram

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidan amsar Hajiya, ya yarda mu zauna a Malta, shi kuma ya leƙa Sisili na yini guda idan teku ya kwanta. Saura tambaya ɗaya, Malam Habu: tunda a hannun hagu suke tuƙi, kuna ganin mu ɗauki hayar mota saboda Mama, ko bas da tasi za su wadatar da mu?