Ciwon gaɓar muƙamuƙi: wa aka taɓa yi wa gashi da na'ura da jel?

Maman Biyu, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan muƙamuƙina na dama yana ciwo, daidai gaban kunne. In na yi hamma sai ya ce ƙas, da safe kuma yatsu biyu kawai ke shiga bakina. Na je asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, likitan haƙori ya ce haƙorana lafiya lau, gaɓar ce ta kumbura, ya tura ni sashen gashin ƙashi. Can aka ce za a shafa min jel mai maganin kumburi, a bi shi da na'urar altirasawun. Ni dai a hoton ciki na san wannan na'ura. Wanda aka taɓa yi wa, don Allah ya gaya min yadda abin yake.

Alhaji Mai Goro, Asawase:
Wa alaikumus salam 'yata. An yi min bara, ki kwantar da hankalinki. Wannan ba ta ɗaukar hoto. Za a lafta miki jel mai sanyi a gaban kunne, nawa mai dikilofenak ne, sai ma'aikacin ya ɗora kan na'urar yana zagayawa da shi a hankali, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Minti biyar zuwa takwas an gama. Ba allura, ba zafi, ɗumi kawai za ki ji. Yadda ya yi min bayani, na'urar tana fitar da sautin da kunne ba ya ji, shi ke girgiza naman wurin, ya ɗumama shi, ya taimaka wa maganin ratsa fata, ga shi gaɓar ba ta da nisa da fatar. Abin da ya fi min daɗi shi ne ina da gyambon ciki, ƙwayoyin ciwo suna tayar min da shi, wannan kuwa kaɗan ne ke shiga jini. Zuwa goma na yi, a na huɗu na fara cin tuwo ba tare da na dafe kunci ba. Amma fa an raba ni da goro na wata biyu. Shekara talatin ina sayar da shi ina tauna shi, kuma a gefe ɗaya nake taunawa.

Malama, Sawaba:
Yaya, ki gaya musu duk wata lalura da kike da ita kafin a shafa. Ina da asma, kuma asfirin yana tayar min da ita, da na faɗa sai suka ƙi sa min mai maganin, suka yi da jel zalla. Ɗumin shi kaɗai ma ya sassauta min. Ranar da ƙurji ya fito min a wurin kuwa, cewa suka yi in koma gida sai ya warke.

Ɗan Tafo:
Ni gaskiya nawa bai ɗore ba. Na samu sauƙi sati uku, ciwon ya dawo. Ashe cizon haƙora nake yi cikin barci, mai ɗakina ce ta ce ƙarar tana tashinta da dare. Da rana a yi min gashi, da dare in ɓata aikin. Sai da likitan haƙori ya auna bakina ya yi min robar da nake sawa in kwanta, sannan na daina tashi da ciwon kai. Na bar cingam, ganda da tsire kuma sai an yayyanka min ƙanana. Anti, ki tambayi maigida ko yana jin wani abu da dare.

Maman Biyu, Aboabo:
Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan uwa. Yau na yi zuwan farko, kamar yadda kuka faɗa haka abin yake. An koya min in ɗora harshe a dasashin sama in riƙa buɗe baki a hankali, in kuma tare haɓa da hannu in hamma ta zo. Na tambayi maigida, ya ce tun bayan rasuwar mahaifiyata yake jin ƙarar haƙorana, bai ɗauka wani abu ba ne. Ranar Alhamis zan koma wurin likitan haƙorin in faɗa masa.