Abin da aka tattauna kan matsalolin jiharmu

To jama'a, ga taƙaitaccen abin da mutane suka faɗa, kuma gaskiya maganar kwata da bola ce ta fi cin lokaci. Kowa na kuka da ambaliya in damina ta zo, amma wasu suka ce mu ma da laifinmu, leda da robar ruwa da muke watsawa su ke toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ya gama ƙyanƙyashewa ya fara cizo. Shawara dai a yashe kwata kafin ruwan farko, ba sai ya shigo ɗaki ba, kuma a daina ƙona leda a cikin unguwa don hayaƙin nan yana illa ga masu asma da yara.

Kan amai da gudawa an ce a tafasa ruwan sha, in kuma ta kama yaro a fara ba shi ORS, wato garin gishiri da suga na leda da ake haɗawa da ruwa, nan take, in babu a haɗa ruwa mai tsafta lita 1 da suga ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, sannan a wuce asibiti, kar a tsaya a kemis ana gwada allurai.

Siyasa kam nan aka yi zafi. Wasu sun ce sun haƙura da zaɓe gaba ɗaya, ni dai ban yarda da su ba. Mafi yawa suka ce a daina jiran gwamna kan komai, a je wajen kansila da ɗan majalisar jiha a ƙungiyance, da takardar koke a rubuce da hoton wurin da ke buƙatar aiki, a ajiye kwafi, kuma a tambaya ko aikin yana cikin kasafin kuɗin bana.