Na ƙaga wa wasanmu abin bauta, amma har yau ba ta da mabiya

Ɗan Kawo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Duk Asabar bayan la'asar mu shida muke haɗuwa a shagon ɗinkin yayana da ke Kawo a Kaduna, mu ture kekuna gefe, mu baje takardu a kan teburin yanka, mu yi wasan labarin nan da ake kira Dungeons & Dragons. Ga wanda bai san shi ba, wasu Amurkawa biyu ne, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974. Kamar tatsuniya yake, sai dai masu sauraron su ne 'yan cikin labarin. Mutum ɗaya ke jan zare, kowa ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi, dayis mai fuska 20 kuma ya yanke ko ya dace ko ya sha ƙasa. Ba kuɗi a ciki. Sai da na rantse wa Hajiyarmu a kan haka, don ranar da ta tsinci dayis ɗin a aljihun rigata wajen wanki ta ɗauka caca na soma.

Ni ne mai jan zaren. Na gaji da ƙasashen dusar ƙanƙara da mutane masu dogayen kunnuwa, shi ne na zana tamu duniyar: birni a bakin wani babban kogi mai cike da kadoji, kun dai san inda na samo wannan. Mutanen birnin suna da abin bauta da na sa wa suna Uwar Mashigi, mai kula da ƙetare ruwa da riƙon amana. Na cika shafi uku da ikonta. Tana tsayar da igiyar ruwa, tana rufe bakin kada, tana sa maci amana ya ji ƙishirwar da ba ta yankewa.

To makon jiya aka kunyata ni. Abokinmu da ke wasa da bokanta ya dube ni ya ce, "Ni wa ya girka ni? A ina nake kwana? Idan na shiga gari wa zan fara gaisarwa?" Na yi tsuru-tsuru. Da suka isa ɗakin tsafinta abin da na iya cewa kawai shi ne akwai wasu masu fararen kaya suna ta roƙo. Kafin in rufe baki biyu sun ciro waya.

Yaya ake ƙaga mabiya da ƙungiyoyinsu har su yi kama da mutane? Ina da kwana biyar kafin zama na gaba.

Malamin Tarihi (Tudun Wada) ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara gini daga rufi ne. Shafi ukun nan ka ajiye su, ba wanda zai tambaye ka. Abin da 'yan wasa ke cin karo da shi a hanya mutane ne, don haka tambayoyin abokinka su ne aikin.

Ba sai ka je nesa ba wajen neman misali. Duba abin da tsohon tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo game da Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala na dā. Kusan ba a faɗi komai a kan kamanninta ba. Abin da aka faɗa shi ne akwai itaciya da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, wanda duk ya shiga ban da shi ya mutu. Barbushe yana zaune a kan Dala, ba ya saukowa sai lokacin biki. Jama'a su taho daga ko'ina, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Da dare ya shiga shi kaɗai, ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekarar. A kewaye da shi kuma an ambaci manya kowa da sana'arsa: maƙeri, mai dafa giya, mai magani, mai gadin gari da dare, shugaban makaɗa. Ka ga a 'yan layuka an ba ka wuri, an ba ka doka, an ba ka rana, an ba ka wanda ke da iznin abin da sauran ba su da shi. Ɗan wasa na jin "ba mai shiga sai mutum ɗaya" zai fara tunanin yadda zai haura katangar. Labari ya samu ke nan.

Haka rijiyar Kusugu a Daura. Abin da ya riƙe labarin Bayajidda duka doka ɗaya ce: ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ka ba Uwar Mashiginka doka guda mai ciwo irin wannan, wadda talaka zai ji ta a jikinsa. Misali ba a ƙetare kogi daga faɗuwar rana zuwa asuba, ko da naƙuda ce ta kama mace a tsallake.

Batun ƙungiyoyi kuwa, shawarata ka fitar da su daga sana'a, don haka abin yake a ƙasar Hausa. Maƙera na da Sarkin Maƙera da sirrinsu na wuta, mahauta na da Sarkin Pawa da hawan ƙaho, masunta na da Sarkin Ruwa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu tun 1934, ba a faɗa wa ruwan Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izni. To su wa ke ci da kogi a birninka? 'Yan fito. Ga ƙungiyarka ta farko nan. Ka kira su Masu Gora, tunda da gora ma ake fito. Yaro ya shiga yana ɗan shekara bakwai yana kwarfe ruwa daga cikin jirgi, ya kai ga riƙe filafili, ran da za a yaye shi a sa shi ya ƙetare kogin a tsakiyar damina da gora ɗaya, da ajiyar wani a ɗaure a ka. In ajiyar ta jiƙe ya sake shekara. Kuɗin fito kashi uku: na jirgi, na shugabansu, na Uwa, wanda ake jefawa a ruwa. Nan take za a sami wanda ke nutso da dare yana tsince kason Uwa. Wannan mutumin ma ka rubuta shi, ya fi masu fararen kayanka amfani.

Baban Ikram ya rubuta:

Ɗan'uwa kar ka ji haushina, amma ni abin bai kwanta min ba. Musulmi ya zauna yana ƙaga abin bauta, har da tsara yadda za a bauta masa? Tatsuniya daban, wannan daban. A tatsuniya Dodo ake gudu, ba a durƙusa masa. Ina jin tsoron wasa ya kai harshe ga furta abin da bai kamata ba. Ka tambayi malaminka tukuna kafin ka ci gaba.

Ɗan Kawo ya rubuta:

Baban Ikram ban ji haushi ba wallahi, na gode. Mun yi wannan maganar tun zaman farko, don mu huɗu Musulmi ne, biyu Kirista, ɗaya daga Barnawa ɗaya daga Sabon Tasha, kuma su ma ba su so a yi wasa da sunan Ubangiji. Abin da muka tsayar shi ne, a duniyar labarin ita halitta ce irin ta almara, mutanen ciki ne suka ɗauke ta abin bauta, kamar yadda ake ba da labarin mutanen Dala ba tare da an bi su ba. Ba mai furta roƙo ko kirarin bauta da bakinsa. Sai dai a ce "bokan ya yi tsafinsa", a jefa dayis, a wuce. Ba ma aron komai daga salla ko coci, ko tufafi ko kalma. Ana kiran magariba muke tashi. Duk da haka zan kai wa malaminmu na islamiyya maganar kamar yadda ka ce, in ya ga gyara a gyara.

Malam, dokar dare ta shiga littafi tun yanzu. Mai nutson nan kuwa na riga na san wanda zai zama: ƙanen shugaban 'yan fito.

Jikar Inna ta rubuta:

Ƙanena, duk maza na gani a birnin nan naku. Matan fa, ba sa ƙetare ruwa?

Kakata a Sabon Birnin Gobir ta tashi, kuma ko da yake ta yi nesa da harkar tun kafin a haife mu, ta san bori ciki da waje, tana ba mu labari in an ɗauke wuta. A Gobir sarautar Inna ta mace ce daga gidan sarauta, ita ce uwar 'yan bori. Abin da nake so ka ɗauka daga nan ba iskokin ba ne, kar ka kwaso Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ka zuba a wasa, akwai masu ɗaukar abin da gaske, akwai kuma waɗanda ko sunan ba sa son ji. Tsarin za ka duba. Yawanci ba sha'awa ke kai mutum bori ba, ciwo ne da ya ƙi jin magani, sai a yi masa girka. Wanda iska ke hawa ana ce masa doki, mace kuma goɗiya. Kowane iska da kiɗansa a garaya ko goge, da kayansa, da halinsa: Malam Alhaji tsoho ne mai tari, Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ƙamshi da kyauta. In zai sauka a yi atishawa. Ka lura, duk abubuwa ne da ido ke gani, kunne ke ji. Ɗan wasanka ba zai tuna aƙidar ƙungiya ba, amma zai tuna tsohuwar da ke tari.

Saboda haka tambayi kanka abin da ke kawo mutum wurin Uwar Mashigi. Ni a ganina wanda ruwa ya ci ya amayar ne. Duk wanda ya nutse aka tsamo shi da rai ya zama nata, ko yana so ko ba ya so, ko ɗan sarki ne. Bokan abokinka ka ce masa haka aka same shi, ka bar shi ya faɗi wanda ya tura shi ruwan.

Kuma ka ce tana riƙon amana, amma ban ga mai riƙewa ba. Ba mata wannan. Tsofaffin mata, zawarawa da waɗanda ruwa ya cinye wa maza, suna zaune a rumfa a bakin mashigi, matafiyi ya bar musu ajiya kafin ya hau jirgi. Ba sa rubutu, igiya suke ƙullawa, kowace ajiya da irin ƙullinta, rabi a hannunsu rabi a hannun mai kaya. Kira su Masu Ƙulli. Kamar uwar adashi dai, wadda duk unguwa ta san asirin kowa yana hannunta, shi ya sa ake gaishe ta da ladabi ana kuma zaginta a bayan ido. Wanda bai dawo ba har damina bakwai, kayansa sun zama na rumfa. Ka ga 'yan fito na da dalilin zargin matan da fatan kada matafiyi ya dawo, matan kuma na da dalilin cewa 'yan fito na lodin da ya wuce kima. Abin bautarsu ɗaya, amma ba sa ga maciji.

Kar ka manta da gama-garin mutane, waɗanda ba su cikin kowace ƙungiya. Mai ƙosai da ke jefa na farko a ruwa kafin ta fara ciniki. Ɗan kasuwar da bai yarda da komai ba amma ba ya rantsuwa in ƙafarsa a jiƙe take. Yara masu tsokanar juna da "Uwa ta gan ka". Irin waɗannan uku ko huɗu sun isa.

Na Barnawa ya rubuta:

Ni ne ɗaya daga cikin 'yan teburin, mai wasa da ɓarauniyar nan, kuma ni ne na fara ciro waya, a yafe min. Oga, ga tawa gudummawar: sa sarkin birnin ya gina gada. Shi ke nan rigima ta tashi. Masu Gora su ce wanda ya bi ta gada bai ƙetare ba, ya yi wa Uwa satar hanya, aurensa da cinikinsa a tsallake duk ba su ɗauru ba. Wasu samari daga cikinsu kuma su ɓalle su ce ai gadar ma mashigi ce, su koma karɓar kuɗi a bakinta, a riƙa yi musu gori da Masu Busasshiyar Ƙafa. Dokar dare kuma fa, ta hau kan gada ko ba ta hau ba?

Mu da muke Kaduna ba sai an yi mana bayanin abin da "tsallaken gada" ke nufi ba. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 kowa ya san yadda garin ya rabu gida biyu, kogi a tsakiya, ni kuma duk Asabar sai na hau Keke biyu da bas kafin in iso Kawo. Don haka roƙona ɗaya: kar ka mai da ɓangare ɗaya mutanen kirki, ɗayan miyagu, kuma kar wani ya yi kama da mutanen wata unguwa ta gaske. In na shaƙi ƙamshin haka zan faɗa maka a gaban kowa.

Ɗan Kawo ya rubuta:

Anti na gode, Masu Ƙulli sun fi duk abin da na rubuta a shafi ukun nan. Na tsinci ragowar igiyar zare a shagon Yaya, zan ƙulla guda biyar in ajiye a kan tebur, duk wanda ya ba da ajiya in yanke rabi in miƙa masa a hannu.

Na Barnawa, ka karanta abin da bai kamata ɗan wasa ya gani ba, don haka ƙanen shugaban 'yan fito ba shi ne mai nutso ba kuma, na sauya. Gada ta shiga, sharaɗinka ma na karɓa. Za mu buɗe ranar Asabar da mace mai naƙuda a tsallake bayan faɗuwar rana, ungozoma tana wannan gefen, kogi ya cika ya batse irin na watan Agusta da ke shiga gidajen Kigo Road. Ka zo da wuri, kuma dayis ɗina mai fuska 12 da ka tafi da shi tun kafin azumi ka taho min da shi.