Tuƙi a yankin gonakin Dakota ta Kudu: ina ya dace a tsaya?

Matafiyi:
Salama jama'a. Wanda zai bi babban titin I-90 na Amurka daga Sioux Falls zuwa Rapid City a watan Oktoba, waɗanne wuraren ban mamaki ne a bakin hanya, kuma me zai kiyaye?

Direba:
Malam, tafiyar kusan mil 350 ce. Ka fara tsayawa a Mitchell ka ga Corn Palace, ginin da ake ƙawata bangonsa da zanen da aka haɗa da masara mai launi daban-daban. Asalinsa tun 1892, shiga kyauta. Gaba kuma sai Wall Drug, shagon magani da ya yi suna tun shekarun 1930 saboda ruwan ƙanƙara kyauta. Kafin ka isa can agogo zai koma baya da awa ɗaya, don za ka shiga wani yankin lokaci.

Manomiya:
Oktoba kaka ce, don haka in ka sauka kan ƙananan hanyoyi za ka tarar da taraktoci da injinan girbi. Alwatika mai ruwan lemo a bayansu na nufin ba sa wuce mil 25 a awa. Kada ka yi gaggawar wuce su: sau da yawa injin kan karkata dama ne domin ya samu filin juyawa hagu ya shiga gona, a nan ake yin karo. Da magariba kuma barewa ke tsallaka titi, rage gudu.

Bakanike:
In da lokaci, ka gangara garin Alliance a jihar Nebraska ka ga Carhenge, tsofaffin motoci da aka kafa a da'ira a 1987. Gidajen mai na da nisa a can. Tanki ya kai rabi, ka cika.