Hilux tana cinye min albashi: wace ƙaramar mota ta hannu ta dace da zuwa aiki kullum?

Mai_Hilux_Gezawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hilux ce mai fetur, inji 2.7, da ita ake zuwa aiki daga wajen Gezawa zuwa Sharaɗa, kusan kilomita 35 zuwa, 35 dawowa, Litinin zuwa Juma'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya fi ƙarfin aljihu. Ba na son sayar da ita saboda gona. Akwai wajen naira miliyan 6 a hannu. Wace mota ce ba ta shan mai kuma gyaranta ba ya wahala a Kano? Me ake dubawa kafin a biya?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zo kan sunan mota, ɗauko biro.

Kilomita 70 sau kwana 22 ya ba da 1,540 a wata. Hilux 2.7 a hanyar da ta haɗa titi buɗaɗɗe da gosulon cikin gari tana shan wajen lita 13 a kowane kilomita 100, wato lita 200 a wata. Corolla 1.8 mai lafiya, a wannan hanyar, wajen lita 8 da rabi, wato lita 131. Rarar ita ce kusan lita 70. A ɗauka lita ɗaya naira 1,000 ce don sauƙin lissafi: 70,000 a wata, 840,000 a shekara. Miliyan 6 ke nan sai ta yi shekara bakwai kafin mai kaɗai ya mayar da ita. Kuma mota biyu takardu biyu ne, inshora biyu, batir biyu.

Ba wai kada ka saya nake nufi ba. Akwai abin da ke gyara lissafin: tayar Hilux ɗaya ta kusa sayen tayar Corolla biyu, juyen baƙin mai na Hilux ya haura lita 5 da rabi, na Corolla lita 4 da ɗan kai ne, sannan kilomita 18,000 da za ka ɗauke wa Hilux duk shekara daraja ce ka adana mata. Ita ma ƙaramar, in Toyota ce, ranar da ka gaji da ita akwai mai saye a ƙofa. To amma kada a kashe miliyan 6 ɗin duka a kan saye. Ka nemi ta miliyan 5, ka ajiye ɗaya don gyaran farko, domin babu motar hannun da ba ta zuwa da bashin gyara.

Kuma kada ka yarda da lissafina ma, auna taka. Cika tanki har famfo ya katse da kansa, mayar da mitar tafiya sifili, yi zirga-zirgarka ta mako guda, koma famfo ɗaya ka sake cikawa. Litar da ta shiga, raba da kilomitan da ka yi, ninka da 100. In ka ga Hilux ta kai lita 17 ko 18, to ba girmanta ne kaɗai ba, akwai ciwo a jikinta, kuma gyara shi ya fi sayen wata motar araha.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Malam ya yi gaskiya a kan lissafi. Ni zan yi maganar ƙarfe.

A wannan kuɗin, Corolla 2003 zuwa 2008 ce ta fi dacewa, mai inji 1ZZ-FE. Sarƙa take amfani da ita, ba bel ba, saboda haka babu fargabar tsinkewar taimin. Giyarta ta otomatik mai hawa huɗu ce, tsohuwar fasaha, mai haƙuri. Kayanta kuwa daga Ƙofar Ruwa har Panteka ta Kaduna babu abin da za ka nema ka rasa. Yawancin Matrix da Pontiac Vibe masu 1.8 na waɗannan shekarun inji ɗaya ne da ita, jiki ne ya bambanta, kuma sau da yawa Vibe ta fi sauƙin kuɗi don kawai ba a rubuta Toyota a gabanta ba. Yaris mai 1.3 ko 1.5 ta fi su duka ƙin shan mai, sai dai ƙarama ce, in hanyarku tana da ramuka ƙafafunta ba za su daɗe ba.

Lalurorin 1ZZ sanannu ne. Na shekarun farko suna shan baƙin mai, saboda ƙananan ramukan da ke jikin fistin, waɗanda mai ke komawa ta cikinsu, suna toshewa da dauɗa sai ringi ya maƙale. Maganinsa sai an buɗe inji. Akwai kuma gaskit ɗin manifol na shigar iska da ke bushewa ya fara zuƙar iska ta gefe. Alamarsa inji na rawa da sanyin safiya, sikana, wato na'urar da ke karanta kwamfutar mota, ta nuna lambar matsala P0171. Wannan ƙaramin gyara ne, kada ya tsorata ka, amma ka rage kuɗi a kansa.

Waɗanda zan ce ka yi hattara da su: Camry 2007 zuwa 2009 mai 2.4, wadda ake kira Muscle, injinta ya yi suna wajen shan baƙin mai, kuma rarar fetur tsakaninta da Hilux ba ta kai ta Corolla ba. Accord EOD mota ce mai daɗin tuƙi, amma bol-join ɗinta na ƙasa shi ke jawo ka ga taya ta karye a tsakiyar titi in an sa na jabu, giyarta kuma ba ta karɓar kowane mai sai nata na Honda. Duk motar da ke da giyar CVT, wato otomatik marar hawa-hawa, kuma ba ka san tarihin juyen manta ba, bar ta.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo. Taɓa inji da hannu ka tabbatar da sanyi yake. Dillalin da ya riga ya ɗumama mota yana ɓoye wani abu ne. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar cek-inji da ta jakar iska da ta ABS dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta. Sa wani ya tsaya a baya ya kalli salansa: hayaƙi shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri wanda bai daina ba bayan ta yi zafi ruwa ne ke shiga, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara a jikinsa, gaskit ɗin kan inji ya tafi. Tun inji na da sanyi buɗe lagireto, a tayar, in ruwa na ta kumfa ba tsayawa, magana ɗaya ce. Zaro sandar man giya ka goga a farar takarda: ja ko ja mai duhu ba laifi, baƙi mai ƙauri kuwa giyar ta kusa.

Sannan a hau titi, aƙalla minti 30, da esi a kunne, a shiga gosulo da gangan. Motar da za ta yi zafi ba ta yi a zagayen layi ɗaya. Ka saurari ko giya na buga ƙafa tsakanin ta ɗaya da ta biyu, ka saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙen titi ka ga ko tana ja gefe. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira ba, kuma ya zo da sikana. In sikana ta nuna babu ko lambar matsala ɗaya amma gwaje-gwajen cikin kwamfutar ba su kammala ba, yanzu aka goge.

Mai_Hilux_Gezawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wani ya ce in ɗauki Golf 3 ko 406 mai giyar hannu, wai sun fi araha nesa ba kusa ba. Sannan 'yar Kwatano ko wadda aka yi amfani da ita a gida?

Direban_Hadeja_Road:
Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Giyar hannu ta fi tsohuwar otomatik mai hawa huɗu ƙin shan mai, gyaranta kuma yawanci kulochi ne. 406 a doguwar hanya ba ta da na biyu wajen kwanciya a titi, kuma tun da PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ta haɗa ta a Kaduna makanikanta ba su yi wuya ba. Sai dai bel take amfani da shi, kuma a injin 2.0 mai bawul 16 in ya tsinke fistin zai daki bawul. Ranar da ka saya ka canja bel da tenshona da famfon ruwa gaba ɗaya, ko me mai ita ya rantse maka, sannan kada ka bar shi ya wuce kilomita 60,000 a zafin nan namu. Ba ta kuma yafe wa mai taɓa mata waya barkatai.

Golf 3 kuwa an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990. Yawancin na kasuwa sun yi haya har sun gaji, an sauke musu inji ba sau ɗaya ba. Ga mai zuwa ofis da ƙarfe takwas, arahar da za ta kwana gareji ba araha ba ce. Kuma kullum ka ratsa cikin Kano kana taka kulochi, gwiwa za ta gaya maka.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
A kan ta gida: abu biyu ne ke sa ka sayi Corolla ka ga tana sha kamar Hilux. Na farko, an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, an haɗa fanka kai tsaye, wai don kada ta yi zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki bayan tamostat ya buɗe a wajen digiri 82. In babu shi, inji ba ya kai zafinsa, kwamfuta na ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da zuba fetur. Kana murɗa makulli ka ji fanka ta tashi alhali esi a kashe, ka san an yi wannan aikin. Na biyu, an fasa salansa an kwashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin tukunyarta, an sayar. Leƙa ƙasa ka nemi sabon walda a jikin tukunyar. Har 'yan Kwatano ana yi musu haka kafin su iso.

Bayan saye: baƙin mai 5W-30, ba 20W-50 mai kauri ba, domin VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, da matsin mai yake aiki ta ƙananan hanyoyi. Fulogi Denso SK16R11 na asali, guda huɗu. Man giya T-IV. Sabuwar matatar iska, kuma lokacin hunturu a riƙa duba ta duk wata saboda ƙura; sensar iska da ke bayanta a wanke ta da feshinta na musamman, ba da fetur ba. Iskar taya 30 zuwa 32, yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba.

Hajiya_Kiliyarin:
Alhaji, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma takarda ce ke raba mutum da motarsa a hanya, ba inji ba. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce, tambayar farko ina takardar kwastam. Kada ka tsaya ga kwafin da aka miƙo maka, je ofishin kwastam da kanka a duba lambar a kwamfutarsu, a tabbatar dutin na wannan motar ne kuma an biya cikakke.

Lambar shasi, wato VIN, harafi da lamba 17 ce. Ta ƙasan gilashin gaba, ta jikin ƙofa da ta takarda su zama ɗaya. A motocin Amurka ta goma ita ce shekara: 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Da wannan za ka kama wadda aka canja wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Saka lambar a Google, sau da yawa hotunan kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, Copart ko IAA, suna fitowa, ka ga yadda take kafin mai gyaran jiki da mai fenti su taɓa ta. Bugun gefe ko na baya da sauƙi. Wadda ruwa ya ci ita ce masifa, wayoyinta da kwamfutarta za su yi ta ruɓewa a hankali. Ɗaga kafet, duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai, zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi tabon laka. Mitar motar Amurka da mil take ƙirga, 150,000 a wurinta kilomita 240,000 ne, kuma ana mayar da ita baya, don haka gwada ta da cinyewar fedar birki da sitiyari.

In ta gida ce, sunan da ke takardun ya dace da katin shaidar mai sayarwa. In ba shi ba ne, a kawo takardun cinikin da suka biyo har zuwa kansa. A duba rajistar 'yan sanda ta motoci, wato CMR, ko an taɓa kai rahoton sata. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji da shaidu biyu, a biya ta banki zuwa asusun mai sunan, a yi canjin mallaka a makon, kada a bari sai takardu sun ƙare. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara ciniki. Inshorar ɗaukar nauyin wanda ka buga naira 15,000 ce tun 2023 ga motar gida. Wanda ya ce zai yi maka a 5,000 takardar banza zai ba ka, kuma ana iya duba ta gaske a shafin NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya.

Malam_Lissafi:
Ƙari kaɗan a kan Hilux da za a ajiye. Kada a bar ta wata guda ba motsi, kuma tayar da ita a tsaye na minti biyar ba ya cika batir. Sau ɗaya a mako a fita da ita tafiyar minti 20 zuwa 30. Baƙin manta a juye duk wata shida ko da kilomita bai cika ba. Da damina, ranar da hanya ta cika da ruwa, ita za ka ɗauka: bakin shaƙar iskar Corolla yana ƙasa-ƙasa, in ya zuƙi ruwa sandar fistin ce ke lanƙwashewa, kuma kuɗin wani injin na iya cinye rarar man da ka tara.