Neman shawara: An ba mu ɗan kwikwiyo, ina so in yi masa ɗaki a cikin gida

Mai tambaya, daga Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maƙwabciyarmu za ta koma Ibadan, sai ta bar mana ɗan kwikwiyonta, irin ƙananan nan masu yawan gashi da ake kira Lhasa. Watansa biyu. Yarana sun shaƙu da shi tun yana wajenta, ni kuma na kasa barinsa a titi. Kwana uku ke nan yana kwana cikin kwali a falo, yana kuka duk dare. Maigida ya yarda a riƙe shi, amma ya ce kada ya gan shi a ɗakin kwana. Ina so in sa kafinta ya yi masa ɗan ɗaki. Ina ya fi dacewa in ajiye, kuma yaya girmansa? Ban taɓa kiwon kare ba.

Wani dattijo, daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya saka miki da kika tausaya wa dabba. Amma ina bayan mijinki. Hadisi ya zo cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma an yi rangwame ne ga karen farauta, kiwo da gadin gona. A mazhabar Malikiyya ba a ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, sai dai kwanon da ya sa baki a wanke sau 7. Ki ware masa kwanonsa, ki nisanta shi da inda kuke sallah. Sauran bayani ki zauna da malamin unguwarku.

Mai tambaya:
Na gode Baba. Muna da baranda a bayan kicin, mai rufi da ƙofar ƙarfe. Nan zai yi?

Kafinta, daga Mushin:
Hajiya, barandar ta ma fi falo, in dai ba nan kuke tada janareta ba. Hayaƙinsa na kashe mutum, balle kwikwiyo. Na yi irin wannan aiki, kuma kuskuren mutane shi ne su toshe ko'ina kamar akwati. Zafin Legas da danshinta ba sa son haka, ga shi mai gashi ne. A yi gindi da katakon tu-bai-tu (mai kaurin inci 2 da faɗin inci 2), a ɗaga shi daga ƙasa kamar inci 4 saboda ruwan da ke shigowa lokacin damina. Gefe biyu a sa raga don iska ta ratsa, ɓangaren da feshin ruwa ke bugowa a rufe da katako. Tsawo ƙafa biyu da rabi, faɗi ƙafa 2, tsayi ƙafa 2 zai ishe shi har ya girma. Ya iya miƙewa, ya juya, ya kwanta. Rufin ya zama wanda ake ɗagawa, in ba haka ba wanki zai gagare ki. Ki ce wa mai aikin ya lanƙwasa bakin ƙusoshi, kuma a bar fenti ya bushe sarai, domin kwikwiyo komai taunawa yake yi.

Wata uwa, daga Obalende:
Anti, ɗaki zai iya jira, allura ce ba ta jira. Ki tambayi maƙwabciyar katin rigakafinsa kafin ta tafi. Ana fara allurar cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, tun yana sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har wajen sati 16. Ta haukan kare kuma in ya kai wata 3. Kafin ya kammala kada ya fita titi. Na rasa nawa saboda na yi jinkiri, har yau abin na raina. Likitan dabbobi zai ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. Kada ki zuba masa ragowar miya, albasa da tafarnuwa na cutar da karnuka, haka ƙashin kaza dafaffe. Maganin ɓera kuwa ki kwashe daga barandar gaba ɗaya. In ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti.

Kukan dare kewar uwarsa ce. Ki shimfiɗa masa tsohon tawul ɗin da ya saba da warinsa, zai lafa.

Wani ɗan'uwa, daga Mile 12:
Kun gaya wa mai gidan haya? Ki fara da shi tun kafin ki biya kafinta.

Mai tambaya:
Wallahi ban yi tunanin wannan ba, yau maigida zai same shi. Janaretanmu yana ƙasa, ba a baranda ba. Katin ma na karɓo, allura ɗaya kawai aka yi masa, don haka gobe da safe za mu je wajen likita. Malam kafinta, ragar ta sauro kake nufi ko mai kauri?

Kafinta:
Mai kauri, Hajiya, irin ta kejin kaji. Ta sauro kwana ɗaya zai yaga ta.